Kocin da Ya Zaɓi Takalma

An ɗauki jikana Basiru a ƙungiyar ƙwallon kwalejinsu! Salamu alaikum, jama'a.

Sabon kocinsu gudu ya gwada. Amma kocin da aka kawo mana a makarantar yamma ta unguwarmu Misfala, a shekarun sittin, ƙafafunmu ya bi da kallo: mai takalmin ƙwallo ya shiga. Mu da ke hawa dutse da garwa biyu ta ruwa kullum, wai mu matsa.

Na ce, "Ya ustaz, gwada mu mana."

Ya ce, "Ina takalminka?"

Na ce, "To, takalman su buga maka."

Ya kore ni. Wasan farko, 'yan unguwar Jarwal marasa takalmi suka yi ta zura wa masu takalman nasa ƙwallaye har mai tsaron gida ya zauna ƙasa.

Juma'a bayan la'asar Basiru zai buga. Ku zo ku gani!