Sauraro a Gindin Tsamiya

A gidanmu, a wani ƙauye da ke kan hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, wuri ɗaya ne kawai waya ke samun sabis: reshen tsamiyar da ke bayan rumbuna. Baba ya kafa ƙusa a jikin reshen, Inna ta ɗinka 'yar jaka da ƙyallen atamfa, a ciki wayar gidanmu take zama. In aka sauko da ita ko da kamu ɗaya ne, ɗan layin nan na sabis sai ya ɓace.

Shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, Yayana ya tafi ci-rani Kudu bayan an gama girbi, aikin gona a cikin daji. Daga tasha ya kira ya ce ya sauka lafiya. Daga nan shiru. In Baba ya nemi lambarsa, a kashe. Wani ɗan garin Jabo da ya dawo gida ya ce ya ji labarin wayarsa ta faɗa ruwa, amma bai gan shi da ido ba. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, 'yan ci-rani suka fara dawowa sharar gona, ban da shi.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Amma na lura in za ta auna hatsin tuwo takan zuba har da rabonsa, sai ta tsaya da kwanon a hannu, ta ɗebi tafi biyu ta mayar cikin buhu. Zanenta ma ya fara zagaye ta fiye da da.

Aka raba gadin waya. Kaka da safe, ni bayan na taso daga makaranta. Kaka ce ta zaɓe ni. Ta ce, "Wagga ɗiya ita ad daidai. Ko ƙuda ya sauka hancinta sai ta bari ya gama hutawa." Gaskiya ta faɗa. Ni ba mai magana ba ce. A aji, in an kira sunana, sai ta kusa da ni ta amsa mini.

Zaman gindin tsamiya bai dame ni ba. Na san tururuwan da ke hawa ta gabas da masu saukowa ta yamma. Na san wani ƙadangare mai guntun bindi da ke zuwa in inuwa ta kai bakin rumbu. Na kuma san ƙarar abubuwa da yawa da ke kama da ƙarar waya: ƙararrawar keken mai gyaran takalmi, wani ɗan tsuntsu, cokali in ya faɗa kan faranti. Kowannensu ya taɓa sa gabana ya faɗi.

Ana cikin haka Malamar kimiyya ta zo mana da darasin sararin sama. Doguwar mace ce, daga Tambuwal take zuwa kullum a kan babur, alli ba ya rabuwa da gefen hijabinta. Ta zana rana a allo, ta ɗiga ɗan ɗigo a gefe ta ce duniyarmu ke nan. Ta ce taurarin da muke gani yawancinsu ranaku ne irin tamu, nisa ne ya ƙanƙanta su, kuma da yawansu suna da nasu duniyoyin da ke zagaya su. Ta ce yawansu ya fi ƙarfin ƙirga.

Wani mai surutu a layin baya ya ɗaga hannu. "Malama, to da mutane a can?"

"Ba wanda ya sani, sai Wanda ya halicce su. Amma wurin da faɗi ƙwarai. Akwai masu ilimi da ke ganin da wuya a ce mu kaɗai ne masu hankali a cikinsa."

"Suna cin tuwo?"

"In sun zo kai za mu tura ka tambaye su, tunda bakinka ba ya gajiya."

Aji ya ɗauki dariya. Da aka natsu ta ce a wasu ƙasashe an gina manyan faranta na ƙarfe, irin na gidan kallon ƙwallo amma wani ya fi filin makarantarmu girma, an juya su sama. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna suna sauraro ko wani zai yi magana daga can. Shekara da shekaru suna yi.

"Sun ji wani abu?"

"Har yau ba su ji ba."

"To ai ba kowa ke nan, Malama. Su tashi su nemi sana'a."

Malama ta karkaɗe allin hannunta. Ta ce, "Ƙila ba kowa. Ƙila kuma an yi sallama tun kafin mu san yadda ake ƙera farantin. Ko suna magana ta gabas mu mun juya kunne yamma. Kafin a ji juna, sai mai kira da mai sauraro sun haɗu a lokaci ɗaya. In wannan ya zo wancan ya tashi, kowa zai rantse ɗayan ba ya nan."

Ban san akwai masu aiki irin nawa a duniya ba sai ranar. Da na zauna a gindin tsamiya da la'asar, na ɗaga kai ina kallon sama ta tsakanin ganye, ina tunanin wani mutum can wata ƙasa da abin sauraro a kunne, ko shi ma yana da ƙadangarensa. Na yi tunanin wata yarinya kuma, can a ɗaya daga cikin duniyoyin da Malama ta faɗa, ko da wace irin fuska Allah ya yi ta, ita ma an ajiye ta gadi. Sai maganar ƙarshe ta dawo mini: in wannan ya zo wancan ya tashi. Na tambayi kaina, mu yaushe muke tashi?

Ranar Juma'a ce. Ita ce ranar kasuwarmu, ranar da mai caji ke zuwa da injinsa. Tun da hantsi Baba kan sauke wayar ya kai masa, shi kuma yakan kashe kowace waya don ta yi saurin cika, ba a karɓowa sai magariba. Wanda kuma ke aiki a tsakiyar daji, ba shi da wayar kansa, yaushe zai fito gari har ya ari ta wani? Na san Yayana. Ko zazzaɓi yake yi ba ya barin sallar Juma'a.

Kwana biyu maganar tana bakina na kasa fitar da ita. A ƙarshe, Baba na alwala, na tsugunna nesa kaɗan na faɗa wa ƙasa.

"Mi kika cewa? Ɗaga murya, ba ni jin ki."

Na maimaita. Ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a kan takalminsa. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, yana zaune a kan tabarma. Ya ce, "To, ga boko ya fara aiki. Mutanen sama sunka hwaɗa miki?" Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "In ba a kai ta caji ran Juma'a ba, ina za a kai ta? Kwana biyu za ta ƙara ta mutu."

Wannan ma sai da na nemo amsarsa, kuma ya fi na farko wuya. Washegari da aka fita hutun tara, na bi Malama har bakin ofishin malamai, na tsaya ina murɗa bakin hijabi. Ba ta ce in yi sauri ba. Ta ci gaba da jera littattafai kamar ba ta gan ni ba, har maganar ta fito da kanta, guntu-guntu. Da na gama ta buɗe jakarta ta nuna mini wata 'yar fitila mai cajin rana, wadda ake iya cajin waya da ita. Ta ce in riƙa kawo wayar ran Alhamis da safe, in karɓa in an tashi. Ba ta taɓa ba da labarin a aji ba, kuma na gode mata da wannan kamar yadda na gode da cajin.

Inna ce ta fi jin tsoro. "In ya kira ran Alhamis ɗin fa?" Ta dube ni ta daɗe, sannan ta je da kanta ta sauke jakar ta sa mini a hannu.

Juma'ar farko ba abin da ya faru. Baba Ƙarami ya wuce daga kasuwa da rake a kafaɗa, ya ce in gaishe masa da mutanen sama in sun kira. Na ji kunya har cikin ƙashina. Amma Alhamis na zuwa Inna ta sake miƙo mini jakar.

Ranar Juma'ar da ta biyo, an sauko daga masallaci ke nan, ina cire ƙaya daga silifas ɗina, jakar ta fara rawa a jikin reshe. Lamba ce da ban sani ba. Na yi ɗage na danna, na kasa cewa komai.

"Salamu alaikum? Wa ke nan? Don Allah a yi magana, wayar aro ce!"

"Yaya," na ce. Daga nan na kwarma ihun da ban san ina da shi ba. "Inna! Inna!"

Ta fito da gudu, hannu duk ƙullu. Inna gajera ce, wayar kuma ba ta saukuwa. Kaka ta mirgino turmi muka kifa shi, muka riƙe ta ta hau. A can sama, kanta cikin ganyen tsamiya, ta fara da faɗa. "Kai wane irin ɗa ne? Ka san abin da ka yi muna?" Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana rantsuwa cewa duk Juma'ar duniya sai ya kira, lambar Baba kaɗai ya haddace, kullum a kashe, har ya fara zaton wani abu ya same mu, yana tsoron ya dawo ya tarar. Inna ta ce, "Mu? Mu muna nan. Ina za mu?"

Ya ce zai taso kafin ruwan shuka. Na riƙe ƙafafunta da hannu biyu don kada turmin ya goce. Ƙullun hannunta yana ɗiga a kan hijabina, ban matsa ba har suka gama.