Laftof ɗin Baba da Igiyar Roba

"Madam, wannan ko daga kan mashin ta faɗo, ba abin da zai same ta." Haka mai shagon kwamfuta a Kafanchan ya rantse, ranar da na je saya wa Baba laftof. Ya hana ni tsohuwa mai ƙwari, ya tallata mini sabuwa mai araha da babban memori.

Sati uku, murfin ya ɓalle.

Jiya a garinmu Madakiya na tarar Baba ya ɗaure ta da roba, yana rubuta tsofaffin waƙoƙin coci na yarenmu a cikinta da yatsa ɗaya, don kada su ɓace.

Ya ce, "Yi haƙuri, 'yata, hannun manomi nauyi gare shi."

Ba laifin hannunka ba ne, Baba.

Mai shago, ka canza ta kafin Juma'a, ko ranar Asabar ni da matan zumuntar cocinmu mu kafa waƙa a ƙofar shagonka. Wa za ta zo?