Sunan Baba a Allon Shago

Shagon kayan gini da ke bakin titin Minjibir na Baffa ne, yayan mahaifinmu, amma sunan Baba aka rubuta a allon. Baffa ya ce karramawa ce, ai ƙaninsa ne ciki ɗaya. Baba kuwa, da bai san komai ba sai gero da gyaɗa, har sabuwar hula ya saka ranar da aka kai shi Kano ya dangwala yatsa a takardun rajista. Ya dawo yana washe baki, Inna tana ta harararsa.

Duk wanda ya sayi siminti ko kwanon rufi, Baffa sai ya ɗora masa wani abu a kai, ya ce kuɗin gwamnati ne. Ba ƙarya ya yi ba, doka ce mai babban shago ya karɓi harajin kaya a hannun mai saye ya kai wa hukuma. Wajen karɓa kam bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ko da masallaci za a rufa. Kaiwar ce ba ya yi.

Ina koyarwa a firamaren garinmu shekarar da ma'aikatan haraji suka garƙame shagon, suka nemi mai sunan da ke allon. A gona suka tarar da Baba yana shuka. Suka ce ko a biya, ko kotu.

Aka taru a zauren mai unguwa, ni ina raɓe a bakin ƙofa. Baffa ya gyara babbar riga ya ce shi taimakon ƙaninsa kawai yake yi da tsaron shago. Babu wanda bai san gaskiya ba a zauren nan, amma rabinsu da kwanon Baffa suka rufa ɗakunansu. Mai unguwa ya tambayi Baba ko haka ne. A gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban mutane. Baba ya ƙura wa faso na ƙafarsa ido.

"Yaya ya fi ni sani," in ji shi.

Na kasa haƙuri, na ce wallahi Baba ko ƙusa ɗaya bai taɓa sayarwa ba. Baffa bai ko dube ni ba. Baba ne ya juyo ya ce in ba Baffana haƙuri. Na ba shi, kuma har yau abin yana ƙona mini rai.

Gonar gadon Baba aka sayar aka biya. Bayan sallah muka ji ashe dillalin da ya saya Baffa ya saya wa. Da wata damina ta zagayo, Baba yana cikin 'yan ƙwadagon da ke nome ta, Baffa yana yabonsa wai babu wanda ya san gonar nan kamarsa.

A daminar ce iska ta yaye rufin ɗakin Baba. Na raka shi shagon, an sake buɗe shi, allon yanzu da sunan Baffa. Baba ya zaɓi kwano mafi araha, ya miƙa kuɗin ƙwadagonsa. Baffa bai janye hannu ba.

"Saura kuɗin gwamnati."

Baba ya laluba aljihu ya cika masa. Ya ce, "Allah ya ƙara buɗi, Yaya," ya ɗora kwanon a ka muka kamo hanya.