Audugar Dakta Sa'a

Da safen nan na ɗauki waya zan kira ta, sai kiran mijinta ya riga ni. Dakta Sa'a ta rasu da asuba, a asibiti a Salford, kusa da Manchester.

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma.

Duk wanda ya san ta ya san ba a jimawa da ita ba ta kawo zancen ƙuda ba. Bincikenta ke nan a jami'a. Akwai wasu tsibirai can gefen Kudancin Amurka da wani baƙon ƙuda ya shiga. Yana yin ƙwai a sheƙar tsuntsaye, tsutsotsinsa su yi ta tsotsar jinin 'ya'yan, har cikin hanci.

A wani taron suna a unguwar Lozells muka fara haɗuwa. Ana tsakiyar cin tuwo ta nuna mini hoton tsutsotsin a hancin ɗan tsuntsu. Na ture kwanona. Ta ce, "Wayyo Yaya Binta, yafe mini, ni na saba."

Dabararta da abokan aikinta ita ce a fesa wa auduga maganin ƙwari, a cusa a ragar waya, a rataye. Tsuntsuwa ta fizga ta kai sheƙa, tsutsa ta mutu.

Na taɓa tambayarta ko babu alhaki, ƙudan ma ai halittar Allah ne. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Ni ma nakan yi tunanin. Amma na riƙe ɗan tsuntsu a tafina, babu sauran jini a jikinsa."

Da aka yi mini aikin ido, ta taso tun daga Manchester da kunun gyaɗa. Ta zauna tana biya mini karatu, don ta san ba na iya duba Alƙur'ani.

Da ciwo ya hana ta tafiya, ta ƙera wata sabuwar raga da take fatan a kai tsibiran. Gidan benen da take ciki babu fili, sai ta rataye ta a bayan gidana a unguwar Balsall Heath, ba magani, don dai a ga ko tsuntsu zai iya fizga. Ta ce, "Ke 'yar Funtuwa ce, auduga ta san ki."

Ganina da ita na ƙarshe, ta rame ƙwarai. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Sun ɗauka?"

Ba su ɗauka ba. Mijinta yana ta ƙifta mini ido daga bayan gado. Na so in ce e, Allah Ya sani, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Tukuna dai."

Ta yi dariya har da tari. "Yaya, ko ƙaryar majinyaci ba za ki yi mini ba? To shi ya sa na ba ki. Ran da kika ce sun ɗauka, na san sun ɗauka."

Jiya gab da magariba ina alwala, na hango ta taga wata 'yar tsuntsuwa ta tashi da auduga cike da baki. Na ce bari in bar Sa'a ta huta, in kira ta da safe.

Sa'a, sun ɗauka.

Ya Allah Ka gafarta mata, Ka shimfiɗa mata rahama a kabarinta, Ka sa tausayin da ta yi wa ƙananan halittunKa ya zama mata nauyi a mizani. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa Sa'adatu a addu'arsa ta yau.