Gbolahan Ya Sa Hannu

Moradeke ba ta mantuwa, kuma ba ta yafiya da wuri. Mahaifiyarta a Ijebu-Ode takan ce tun tana ƙarama, in ka cinye mata ƙosai, sai ta bari ka manta sannan ta zuba maka gishiri a koko. Ta girma ta yi koyarwa a sakandare har alli ya ishe ta, ta tattara ta koma unguwar Yaba a Legas, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon masu gyaran waya.

Manhaja ɗaya kamfanin ke taƙama da ita. Mutum zai buɗe baƙin allo ya buga umarni, sai ta kafa masa kwamfutoci marasa jiki a cikin wata babbar kwamfuta, ta yanka wa kowace ƙarfinta da wurin ajiyarta. Kuskure kaɗan sai ya rushe aikin mako. Moradeke ce ke rubuta bayanin kowane umarni da misalinsa, shi ya sa wayar kamfanin ba ta cika ƙara ba.

Gbolahan ne ya gina manhajar, kuma tafiya yake kamar shi ya gina Legas. Moradeke ta girme shi nesa ba kusa ba, amma bakinsa bai taɓa iya cewa Anti ba, sai Ticha. A ƙa'idar gidan, ba abin da ke shiga manhajar sai wani ya duba ya sa hannu. Nata aikin shi ke dubawa, in dai danna maɓalli da hannun hagu, na dama yana cikin kwanon amala, sunansa dubawa.

"Gbolahan, ka karanta kuwa?"

"Haba Ticha, insha'i ne fa. Ni ba ɗalibinki ba ne, kar ki ba ni aikin gida."

Da maganar rage ma'aikata ta taso, a gabanta ya ce wa Oga Bankole, mai kamfanin, "Manhajata ba ta buƙatar tafinta. Wanda bai gane ba ya kira ni." Aka yi dariya. Aka ce mata ƙarshen wata ta ajiye katin shiga, kafin nan kuma ta rage tsawon bayanan, tunda ba mai kula da su bayanta. Rashin aikin ya yi mata ciwo, amma tsinka ta da yaron ya yi a gaban mutane ya fi ci mata rai. Ta yi murmushi ta ce ba komai.

Ta kuwa rage. Ta kwashe misalan kaf. A ƙarƙashin kowane umarni, har da saƙon da manhajar ke fitarwa in mutum ya yi kuskure, ta sa maganarsa yadda ya faɗe ta: wanda bai gane ba ya kira Gbolahan. Ta ɗora lambar wayarsa ta aljihu, ta tura masa ya duba. Ko numfashi ba ta sauke ba ya sa hannu.

Sabuwar manhajar ta fita ranar Juma'a. Ranar Asabar ake baikon Gbolahan a Surulere. Yana kwance rub da ciki gaban surukai yana gaisuwa, waya ta fara kuka a aljihun babbar rigarsa. Wannan daga Accra, wancan daga Nairobi, kowa kwamfutocinsa sun ƙi tashi. Ya kashe wayar, masu kiran suka koma kan Oga Bankole, wanda ke zaune cikin baƙi da farantin shinkafa. Oga ya ajiye cokali, ya taso ya taɓa kafaɗar ango.

Ran Litinin aka mayar da tsohon bayanin, amma waɗanda suka riga suka sauke manhajar, lambar tana nan a allonsu daram. Oga ya nemi wanda ya bari wannan abu ya wuce. Sunan Gbolahan ne a wurin sa hannun.

Moradeke tana gidan abinci lokacin da Gbolahan ya kira. Aikin dai ya tafi, ba ta kuma sa ran ya dawo.

"Anti Moradeke," in ji shi, "me na yi miki da zafi haka?"

"Ni? Kai fa ka sa hannu."

"Kin san ban karanta ba."

"Na sani. Tun zuwana ba ka taɓa karantawa ba. Je ka faɗa wa Oga haka, ko ka ce masa ka karanta ka amince. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi."

Ya yi shiru. Ta saurari shirun sosai har ta ƙoshi, sannan ta kashe wayar, ta ce wa mai abinci ta ƙara mata nama.