Yadda Autanmu Ya Zama Uba

Ƙanena, autan gidanmu, injiniya ne a Birmingham. Matarsa ta rasu bayan shekara goma sha ɗaya da aurensu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ni kuwa ina aikin jinya a Manchester, muna zaune a Moss Side da maigidana da yaranmu huɗu. Tun bayan rasuwar, duk Asabar ɗin ƙarshen wata nakan yi miyar kuka, in hau jirgin ƙasa in kai masa flat ɗinsa a Ladywood. Matan cocinmu ba su gaji da turo min hotunan ƙannensu ba. Yakan duba, ya ce Allah ya ba ta miji nagari, ya miƙo min wayata.

Wata Asabar ina jera miya a firji ya ce, "Yaya, zauna, akwai magana."

Ya ce shi da aure har abada, amma yana son ɗa. Wata mace da bai sani ba za ta ba da ƙwai, likitoci su haɗa da nasa, a sa a mahaifar wata mace daban, ita ta raini cikin ta haifa masa. Na san ana yi, ina jin labarin a wurin aiki, amma ban taɓa zaton zai shigo gidanmu ba.

Na ce, "Auta, kanka ɗaya kuwa? Ranar da yaron ya tambayi uwarsa fa? Mama kuma me za mu ce mata?"

Ya ce, "Gaskiya za mu faɗa. Yaya, in na auri 'yar mutane don ta haifa min kawai, na cuce ta. Dubi bakin ƙofa."

Na waiga. Takalman marigayiya na nan a jere, shekara uku.

Na koma Manchester da fushi. Na daina zuwa, waya ma sai gaisuwa. Aka gwada dashen ƙwan na farko bai zauna ba, ban sani ba sai daga baya, shi kaɗai ya haɗiye baƙin cikinsa. Da na biyu ya kama, maigidana ya ce da ni, "Ko kin je ko ba ki je ba, jininku ne zai zo duniya. Ki je."

Auta ya kai ni gidan matar da ke ɗauke da cikin. Baturiya ce mai yawan dariya, tana aiki a kicin ɗin wata makaranta, 'ya'yanta uku. Cikin ya kai wata biyar. Ta kawo shayi, ni kuma na tambaye ta kai tsaye me ya sa take yin haka. Ta ce yayarta ta sha wahalar neman haihuwa a kan idonta, ita kuwa ciki ba ya ba ta wuya. Ta dafa cikin ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, riƙo aka ba ni." Na lura ƙafafunta sun ɗan kumbura. Kafin in ankara na jawo kujera na ɗora mata su, ina faɗa mata ta je ta ga likitanta.

Ni na kira Mama a gida na yi mata bayani. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Ban gane ba, kuma ba na jin zan gane. Matar tana cin abinci sosai?" Bayan mako uku wani ɗan garinmu ya iso da ƙullin yaji da gero, wai a yi wa mai jego kunu.

Mace aka haifa. Sai da kotu ta tabbatar masa da ita a takarda bayan wasu watanni. Na ɗauki hutun mako uku na tare a Ladywood, na koya masa wankan jariri da goyo. Ranar farko zanin ya kwance sau biyu, ina tare ta da hannu a bayansa. A coci wasu sun zo barka, wasu har yau ba su ɗaga maganar ba.

Yarinyar yanzu shekararta huɗu, Turancinta na 'yan Birmingham ne sak. Ta san matar da ta ɗauke ta a ciki, suna kai mata ziyara duk Kirsimeti. Tambayoyi masu nauyi suna gaba, ni da ubanta duk mun sani. A hutun bara na ji ta a falo tana yi wa yarana bayanin yadda aka same ta, dalla-dalla, tana cin biskit. Su kuwa ko a jikinsu, zanen hotunansu kawai suka ci gaba da yi.