Tsafe ko Bungudu: Wace Kasuwa ke Fara Jin Tsadar Dawa?

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da wani malamin jami'a, a cikin tsohuwar a-kori-kurata wadda sai an tura ta take yarda gari ya waye. Maganar sito ce ta fitar da ni. Na daɗe ina sayen dawa da gero ina sayarwa a Gusau, sai bana Allah ya hore mini abin da zan kama sito a wata kasuwa, in ajiye mai saya mini a can. Ɗaya kawai, ƙarfina bai kai biyu ba. An yi mini tayin wani a Tsafe, wurin wani dattijo da ya riƙe ni tun ina ɗaukar buhu a ka, an kuma yi mini tayin wani a Bungudu. Duk mai wannan sana'a ya san riba tana hannun wanda ya fara jin farashi zai motsa. In na kama wuri a kasuwar da labari ke isa a makare, na binne jarina. Dattijon kuma ya ce in ba shi amsa kafin damina ta zauna, don akwai mai jira.

Malamin mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, ƙanen matar wani akawun jirgin ƙasa da muke maƙwabtaka. Hausarsa ta fi ta wasunmu. Tattalin arziki yake koyarwa, kuma ya daɗe yana bin kasuwanninmu mako-mako, shi ko waɗanda ya wakilta, yana tattara farashin hatsi. Da ya ji zan zagaya sai ya ce in rage masa hanya. Kayansa jaka ɗaya ce, sai wani ɗan sikeli na ratayewa. Na dubi sikelin na ce a raina, ga mai digiri zai shiga sayar da nama.

Hanyar Tsafe ta yi kyau, ban da wuraren da manyan motoci suka ci bakin kwalta. Ruwan farko ya sauka kwanakin baya, gonaki sun yi duhu, amma daga nan sama ta ɗauke. Da muka zo daidai duwatsun Kwatarkwashi rana ta fara taɓa kawunansu, Malam ya ce in tsaya. Ni da nake wuce su kullum ban taɓa tsayawa ba. Muka sayi koko da ƙosai wurin wata tsohuwa a bakin hanya, wadda har yanzu da sule da sisi take lissafi, naira da kwabo ba su iso kanta ba. Ƙosan ya ji albasa, man kuma sabo ne.

A nan na faɗa masa ra'ayina. Na ce mu a Gusau kowa ya san Tsafe ke jan farashi, don ita ce ƙofar kudu, nan motocin Funtuwa da Zariya ke fara lodi. In dawa ta tashi a Tsafe, to jira ta a Gusau. Ya tambaye ni yadda na sani. Na ce ai tare suke hawa, shekara nawa ina gani. Ya yi dariya ya ce a shekarun nan har kuɗin aski hawa yake tare da dawa, ko wanzami ne ke jan ta?

Sai ya yi mini bayanin aikinsa, kuma ban taɓa jin mai boko ya sauko da magana ƙasa haka ba. Ya ce ka ajiye tsadar da ta shafi komai gefe, ka dubi abin da farashi ya ƙaru ko ya ragu daga mako zuwa mako. Ka ɗauki na Gusau kaɗai na makonnin baya, ka yi hasashen mako mai zuwa, ka ga yawan kuskurenka. Sannan ka ƙara da na Tsafe ka sake hasashen. In kuskuren ya ragu sosai, Tsafe ta san abin da Gusau ba ta sani ba. In bai ragu ba, ba ta ƙara maka komai ba. Daga nan ka juya, ka gwada ko Gusau ce ke taimaka maka ka san na Tsafe. Na ce to me ya samu? Ya ce in bari mu ga kasuwannin tukuna, don ba ya son in yarda da shi saboda kwat ɗinsa kawai.

Mun shiga Tsafe kasuwa ta fara ci. Kasuwa ce mai daɗin kallo: Fulani da ƙoren nono, masu mangwaro sun zuba shi tuli, 'yan kudu suna ciniki da rabin Hausa rabin hannu, 'yan dako suna gudu da buhu kamar babu nauyi. Ban ko kashe mota ba dillalai suka kewaye ni.

"Ɗan Gusau, kwana lahiya? Nawa dawa tak kwana wajenku?"

Na faɗa musu, kamar yadda na saba faɗa sau ba adadi. Kafin mu kai rumfar dattijona, farashin da na faɗa ya riga mu isa, an ɗora masa kuɗin mota, ya zama farashin Tsafe. Malam ya dube ni. Ni kuwa sai na gane. Ashe da yamma direbobi su dawo Gusau su ce mana ga yadda Tsafe ta ci, mu kuma mu gyara namu, muna ganin labari muka samu. Muryarmu ce ke zuwa Tsafe ta dawo mana.

Dattijon ya karɓe mu da mutunci irin nasa. Ya nuna mini siton: ginin siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, mota na iya ja da baya har bakinsa. Ban ga abin kushewa ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, aka kawo hoce mai ɗumi, wato gasasshiyar wainar dawa, Malam ya ci har ya kwance maɓallin wuya. Dattijon ya ce masa, "Kai ɗan boko, an ce kana auna kasuwa kamar likita. To mi ad damun ta?" Malam ya ce, "Baba, lafiyarta lau, jita-jita ce ta yi mata yawa."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda mutane suka taru a kansa da yamma. Akawun ƙungiyar manoma ya zo, wani malamin sakandare ya zo, wani mai fataucin shanu ya zo. Mai shanu yana son ya san ko tsadar hatsi ce ke karya kuɗin dabba, ko kuwa dabba ce ke fara faɗuwa. Akawun yana son ya san ko kuɗin auduga na bara ke sa a rage noman dawa bana. Kowa da tambayarsa, amma duk a wuri ɗaya suke ƙarewa: ina littafin da mutum zai bi mataki-mataki ya gwada da kansa? Malam ya ce babu. Ya ce hanyar sabuwa ce, abin da ke akwai 'yan takardun masana ne na Turanci cike da alamomi, suna nuna hujja amma ba sa gaya maka mako nawa za ka waiwaya baya, ko yadda za ka yi da makon da kasuwa ba ta ci ba. Ya ce ɗalibansa ma roƙon da suke masa ke nan, har ma'aikatan gona da na banki. Shi kansa lissafin sai ya kai wa na'urar jami'a, ya shiga layi ya jira. Malamin sakandaren ya ce ko da hannu ne zai kwafa in an rubuta.

Mun kwana a Tsafe. Dattijon bai matsa mini ba, cewa kawai ya yi yana sauraro.

Washegari muka juyo, muka ratsa Gusau ba mu tsaya ba, muka kama hanyar Sakkwato. Bungudu kusa take, kafin injin ya yi zafi mun iso. Garin na da sanyin gulbi, ga lambuna, ga rake da ɗanyen dankali a bakin hanya. Kasuwarta ba ta kai Tsafe hayaniya ba. Jakai sun fi motoci yawa, kuma mafi yawan hatsin a tiya, kwanon awo, ake auna shi, daga hannun waɗanda suka noma shi. Siton da aka yi mini tayi ginin ƙasa ne, yana son yaɓe, ƙofarsa ta katako. In da ido ake zaɓe, Tsafe ta gama.

Na tambayi kuɗin tiya, aka faɗa mini, daidai da na makon jiya. Na ce wa Malam ka gani, nan barci suke. Sai ya sayi tiya ɗaya wurin wata mai awo, ya juye a ƙyalle, ya rataya a sikelinsa. Matar ta riƙe haɓa.

"Malam, ɓarauniya ka ɗauke ni?"

"A'a Inna, ni ne ba ni da ido irin naku, sai da ƙarfe."

Ya saya wurin wasu ma, duk ya auna, duk sun gaza nauyin da ke rubuce a littafinsa na makon da ya wuce. Sai na tsaya na kalli hannun masu awon. Tozon da ake tara wa tiya ya ragu, ana zubawa ana shafe kai da gefen hannu. Na san wannan dabara tun ina yaro. A kasuwar da mai saye da mai sayarwa 'yan'uwa ne ko surukai, ba a son a buɗe baki a ce an ƙara kuɗi, sai a rage tozo. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ɗauke shi a matsayin farashi. Shi ya ɗauka. Ya ce da farko da kuɗin baki yake aiki, sai Bungudu ta fito kamar ita ce ta ƙarshe wajen motsi. Da ya koma aunawa sai hoton ya juye. A abin da ya tara, sanin na Tsafe ba ya ƙara komai a kan sanin na Gusau, amma sanin nauyin tiyar Bungudu yana rage kuskure ƙwarai.

Na ce mu ƙarasa Rawayya, ɗaya daga ƙauyukan da ke kawo wa Bungudu hatsi, in gani da idona. Hanyar burji ce, motata ta sha wuya. A can muka tarar da dalili. Waɗanda suka yi shuka da ruwan farko, shukar ta ƙone. Wani manomi da ya ba mu fura mai sanyi a ƙarƙashin tsamiya ya ce shi ya liƙe rumbunsa, ba ya fitar da ko dami sai ya ga sama ta yi gaskiya, don iri na biyu da abincin gida suna gaba da kasuwa. Maƙwabtansa ma haka. Hatsin da ba a fitar a Rawayya ba, shi ne tozon da ya ɓace a Bungudu.

A hanyar dawowa na ce masa shi ke nan, Bungudu ke jan Gusau. Ya ce kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Gwajinsa wanda ya riga wani kawai yake nunawa, bai isa ya rantse cewa shi ya jawo shi ba. Wataƙila duka biyun rumbunan ƙauye suke bi, Bungudu ta fi kusa ne kawai. Ya ƙara da cewa na dawa ya gwada, gero bai gama ba, kuma in dukanmu 'yan Gusau muka kwashe muka koma Bungudu, mu da kanmu za mu ɓata abin. Ya ce wannan ne ma ke hana shi rubuta littafin, yana tsoron a mayar da shi duba. Na ce masa, "Malam, duban muna yin sa tun ba yau ba, da bakin direba. Rubuta naka, ka sa gargaɗin a shafin farko, ka yi shi da Hausa. Masu karanta shi sun riga sun zauna suna jira, ka gan su jiya." Da muka hango hayaƙin masaƙar Gusau, sai ya ce zai fara da hutun jami'a mai zuwa.

Mun shigo Gusau da la'asar, hadari na haɗuwa a gabas. Na sauke shi ƙofar gidan yayarsa, na wuce gida na yi wanka na zauna na yi tunani. Ni ɗan kasuwa ne, ba lalle in san wanda ya haifi tsada ba, wanda ya fara jin ta nake nema. Don haka na kama siton Bungudu, da yaɓensa da komai.

Saura dattijona. Saƙo ba zai yi ba, don haka kasuwar da ta biyo na koma Tsafe da ƙafata, da goro, na gaya masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce mai jiran nan zai ba siton, amma ya kafa mini sharaɗi: duk ranar da tozo ya ragu a Bungudu, shi dattijon zan fara aika wa labari.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na yi shekaru ina rantsuwa da abin da ban taɓa gwadawa ba, don kawai kowa na faɗa. Na kuma ga ilimin da na yarda da shi: mutum ya san iyakar abin da ya sani, ya faɗe ta ko da ba ta yi wa mai sauraro daɗi ba. Irin wannan mutum in ya rubuta littafi, a ajiye mini nawa.